Ƙarancin Seleniyam da Ciwon Gaɓoɓi: Ina Gaskiya Take, Ina Aka Yi Ƙari?

Duk mai leƙa Facebook ko zaurukan WhatsApp ya san yadda tallar maganin ciwon gwiwa da sanyin ƙashi ta yi yawa. Cikin sinadaran da masu tallar ke yawan ambata akwai seleniyam. Sukan ce bincike ya tabbatar rashinsa ne ke lalata gaɓoɓi, don haka duk mai fama da gwiwa ko ƙugu ya nemi ƙwayarsa ya riƙa sha. Maganar ba ƙirƙirarta aka yi ba, tana da tushe. Sai dai tushen yana can nesa, a ƙauyukan ƙasar Sin da Tibet da gabashin Siberiya, kuma ya shafi wata cuta ta musamman mai suna Kashin-Beck, mai kama yara tun ƙashinsu bai gama girma ba. Abin da likitoci suka gani a can ba ya ɗaukuwa kai tsaye a ɗora shi a kan gwiwar dattijon da ya koma sallah a kan kujera a Kano ko Maraɗi. Kafin a gane dalili, sai an san shi kansa sinadarin, an san cutar, sannan an ji gardamar da masana suka shafe shekaru suna yi a kanta.

Mene ne seleniyam, me yake yi a jiki?

Seleniyam sinadari ne da ke cikin ƙasa da duwatsu. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Jöns Jacob Berzelius, ya gano shi a 1817, kuma an daɗe ana kallonsa a matsayin guba kawai, saboda dabbobin da suka yi kiwo a wuraren da ya yi yawa sukan zubar da gashi, kofatonsu ya lalace. Sai a 1957 Klaus Schwarz da Calvin Foltz suka nuna cewa ɓeran da aka hana shi gaba ɗaya hantarsa na lalacewa. A 1973 kuma aka gano cewa yana cikin ginin wani furotin da ke share gurɓatattun sinadaran da ƙwayoyin jiki ke samarwa yayin aikinsu na yau da kullum.

A yau an san furotin iri 25 a jikin ɗan Adam da ba sa ginuwa sai da seleniyam. Rukuni biyu daga cikinsu ne suka fi shafar batun ƙashi. Na farko su ne masu sharar nan, waɗanda ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Na biyu su ne masu juya sinadarin da ƙullutun tayirod na maƙogwaro ke fitarwa zuwa nau'in da jiki zai iya aiki da shi. Wannan sinadari na tayirod shi ke tafiyar da girman yaro, har da tsawon ƙashinsa, kuma ba ya samuwa sai da aidin, wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo. Ke nan seleniyam da aidin hannu ɗaya suke aiki, kuma za a ga muhimmancin hakan a gaba.

Abin da jiki ke buƙata kaɗan ne ƙwarai. Hukumomin lafiya na Amurka sun sa maikirogiram 55 a rana ga baligi, 60 ga mai juna biyu, 70 ga mai shayarwa. Maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram guda. Kifi, nama, hanta, ƙoda, kaza da ƙwai duk suna ɗauke da shi. Hatsi ma yana da shi, amma gwargwadon ƙasar da aka noma shi.

A nan matsalar take farawa. Shuka ba ta ƙirƙirar seleniyam, abin da saiwarta ta samu shi take ɗauka. Inda ƙasa ba ta da shi, ko kuwa yana nan amma tsamin ƙasar ya hana saiwa zuƙarsa, hatsin zai yi kyau a ido, a cika rumbu, amma babu sinadarin a ciki. Mutumin birni da abincinsa ke zuwa daga kasuwanni daban-daban ba ya jin wannan. Wanda ke ji shi ne manomin ƙauye mai nisa, wanda tuwonsa da kununsa da abincin dabbarsa duk daga gona ɗaya suke fitowa, shekara da shekaru.

Cutar Kashin-Beck

A 1849 aka fara ba da rahoton wata cuta a ƙauyukan da ke bakin kogin Urov, gabas da tafkin Baikal a Rasha. Wani likitan soja, Nikolai Kashin, ya yi nazarinta bayan kimanin shekara goma, sannan wani likitan, Evgeny Beck, ya wallafa cikakken bayaninta a 1906. Sunayensu biyu aka haɗa aka raɗa wa cutar. Daga baya aka gano cewa inda ta fi yawa shi ne ƙasar Sin, a wani dogon zirin ƙasa da ya taso daga lardin Heilongjiang a arewa maso gabas, ya ratsa Shaanxi da Gansu da Sichuan, ya dangana da Tibet a kudu maso yamma. Akwai ta kuma a wani ɓangare na Koriya ta Arewa.

Cutar ta fi kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15. Kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi na yaro akwai wani siririn sashe na guringuntsi, kuma daga nan ne ƙashin ke ƙara tsawo. Wani guringuntsin kuma shi ne ya lulluɓe kan ƙashi a cikin gaɓa, don kada ƙashi ya gogi ƙashi. A wannan cuta, ƙwayoyin guringuntsin wuraren biyu ne ke mutuwa. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini a cikinsa, shi ya sa idan ya lalace da wuya ya farfaɗo.

Takan fara a hankali. Yaro ya tashi da safe yatsunsa sun sandare, ya kasa dunƙule hannu sosai. A kwana a tashi gaɓoɓin yatsun su kumbura su yi kauri, yatsun kansu su gajarce, ƙarshensu ya ɗan lanƙwashe. Gwiwar hannu ta ƙi miƙewa har ƙarshe, ta kuma ƙi naɗewa yadda ya kamata, har kai loma baki ko ɗaura kaya a baya ya zama aiki. Idon sawu da gwiwa su bi sahu, dama da hagu a tare. Wanda ta kama tun yana ƙarami sosai yakan tsaya a gajere, ya girma yana tafiya yana rangaji. Ba ta kisa, amma a ƙauyen da rayuwa ta dogara ga noma da kiwo da ɗaukar kaya a kan tsauni, ta raba mutum da sana'arsa tun bai kai ga ƙarfinsa ba. Kuma ba kumburin gaɓoɓi ba ne irin wanda garkuwar jiki ke haddasawa, ba a kuma ɗaukarta daga wani.

Yadda aka fara zargin seleniyam

Zargin ya biyo ta hanyar wata cuta ce daban. A 1935 aka samu ɓarkewar ciwon zuciya a gundumar Keshan ta lardin Heilongjiang, mai kashe ƙananan yara da mata masu shekarun haihuwa. Tsokar zuciya ce ke raunana har ta gaza. Da masana suka zana taswirar wuraren da cutar Keshan take, suka zana ta Kashin-Beck, suka kuma zana ta ƙasar da ba ta da seleniyam, sai ukun suka kusan hawa kan juna. A wasu ƙauyukan Keshan abin da mutum ke samu a rana bai wuce maikirogiram 10 zuwa 11 ba, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ake so.

Tsakanin 1974 da 1976 aka yi babban gwaji a gundumar Mianning ta lardin Sichuan. Aka riƙa ba dubban yara ƙwayar seleniyam sau ɗaya a mako, wasu kuma aka ba su ƙwayar da babu magani a ciki. Bambancin ya fito fili: cutar zuciyar ta ragu ƙwarai a cikin waɗanda suka sha sinadarin. Wannan nasara ce ta sa aka yi tsammanin ciwon gaɓoɓin ma haka zai kasance.

Akwai wani abu da aka gano daga baya wanda ya sauya yadda ake kallon lamarin duka. A tsakiyar shekarun 1990, Melinda Beck da abokan aikinta a Amurka suka nuna cewa wata ƙwayar bairos ta dangin Coxsackie, wadda ba ta yi wa lafiyayyen ɓera komai, idan ta shiga ɓeran da ba shi da seleniyam sai ta rikiɗe ta zama mai lalata zuciya. Ma'ana, ko a cutar Keshan ɗin, ƙarancin sinadarin buɗe ƙofa ya yi, wani abu ne daban ya shigo.

Ɓangarorin gardamar

Masu ganin seleniyam ne babban dalilin Kashin-Beck suna da hujjoji masu nauyi. Kusan duk inda cutar take, ƙasa da hatsi da gashin yara da jininsu suna nuna ƙarancinsa. An yi gwaje-gwaje da dama a Sin, ana ba yara ƙwayar ko gishiri mai seleniyam, kuma da yawansu sun nuna raguwar sababbin kamuwa da gyaruwar abin da ake gani a hoton ƙashi. Wani nazari da ya tattara irin waɗannan gwaje-gwaje a 2009 ya ce akwai alamar amfani ga yara, amma ya yi gargaɗin cewa yawancinsu ba a tsara su da ingancin da zai sa a yanke hukunci ba. A shekarar dai, wasu masana suka toshe hanyar gina furotin masu seleniyam a guringuntsin ɓeraye, sai ɓerayen suka fito da tsumburewa da mutuwar guringuntsi mai kama da na cutar.

Sai dai akwai tambayar da wannan ɓangare bai iya amsawa shi kaɗai ba. Finlan da Niyu Zilan duk suna da ƙasa mai ƙarancin seleniyam. A Niyu Zilan har tumaki da 'yan maruƙa kan kamu da ciwon tsoka saboda haka. Amma ba a san Kashin-Beck a ƙasashen biyu ba. A cikin Sin ɗin ma, za a ga ƙauyuka biyu maƙwabta, ƙasarsu iri ɗaya, ɗaya cike da masu cutar, ɗaya babu. Idan rashin sinadarin kaɗai ya isa, da ba a ga haka ba.

Ɓangare na biyu ya ɗora laifin a kan rumbu. Tun shekarun 1940 masanan Tarayyar Sobiyet suka yi zargin fumfunar da ke kama hatsi. Wani nau'inta mai suna Fusarium yana son sanyi da danshi, kuma yana fitar da guba da ake kira T-2, wadda gwaji ya nuna tana kashe ƙwayoyin guringuntsi. A Sin, Yang Jianbo na Jami'ar Koyon Likitanci ta Harbin ya yi fice wajen kare wannan ra'ayi, yana kafa hujja da cewa masu cin shinkafa ba sa kamuwa kamar masu dogaro da masara da alkamar da aka noma aka kuma adana a yankin, kuma idan aka sauya wa ƙauye hatsin da yake ci, sababbin kamuwa sukan ragu. A Tibet, inda garin sha'ir gasasshe shi ne abincin kullum, masu bincike daga Beljiyam sun tarar cewa gidajen da ke da masu cutar sun fi samun fumfuna a sha'irinsu. Damina gajera ce a kan tsaunin, sanyi na saurin shigowa, sau da yawa ana kai hatsi ma'aji bai gama bushewa ba.

Ɓangare na uku ya duba ruwan sha. Ruwan da ya ratsa ruɓaɓɓen ganye da ciyayi yana ɗauko wasu sinadarai masu tsami, kuma an lura sun fi yawa a ruwan wasu ƙauyukan da ke da cutar. Haƙa rijiya mai zurfi ya taimaka a wasu wurare. Wannan ra'ayi bai samu hujjoji masu ƙarfin na biyun farko ba, amma ba a jefar da shi ba.

Sai kuma batun aidin. A 1998 Rodrigo Moreno-Reyes da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a kan yara 575 a ƙauyuka 12 da ke kewayen Lhasa, babban birnin Tibet. Kusan dukkan yaran, masu cutar da marasa ita, suna cikin matsanancin ƙarancin seleniyam, don haka ba shi ne ya bambanta su ba. Abin da ya bambanta su shi ne ƙarancin aidin, wanda ya fi tsanani a cikin masu cutar. A 2003 suka fitar da sakamakon wani gwaji a kan yara fiye da 300 da cutar ta riga ta kama: bayan an gyara musu aidin, ƙara musu seleniyam na tsawon shekara bai rage ciwon gaɓoɓi ko gyara motsinsu ba.

Idan aka jera hujjojin nan gefe da gefe, ba su rushe juna ba. Fahimtar da yawancin masana suka karkata gare ta ita ce ƙarancin seleniyam yana raunana garkuwar guringuntsi, ƙarancin aidin yana dagula girman ƙashi, sannan gubar fumfuna ko gurɓataccen ruwa su zo su yi ɓarnar. Kamar katangar ƙasa ce da ba a yi mata yaɓe ba: rashin yaɓen bai rushe ta ba, amma shi ya sa ruwan sama ya samu damar cin ta. A bayan dukkan dalilan kuma abu ɗaya ne ke tsaye, wato talaucin da ya tilasta wa iyali cin abinci iri ɗaya daga gona ɗaya, da shan ruwan da ya samu.

Abin da ya karya lagon cutar

Tarihin raguwarta ya goyi bayan wannan fahimta. Hukumomin Sin ba su tsaya kan hanya ɗaya ba. Sun raba gishiri mai seleniyam da aidin, sun sauya hatsi, sun gyara ruwan sha, sun ƙarfafa busar da amfanin gona kafin adanawa. A yankin Aba na lardin Sichuan, daga 2008, an kai yara makarantun kwana inda ake ciyar da su da abincin da aka kawo daga waje, an kuma tashi wasu ƙauyuka ɗungurungum zuwa wasu wurare. A Tibet ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ta yi aiki a kan cutar a shekarun 1990, daga baya wata gidauniya da aka kafa musamman dominta ta ci gaba da aikin abinci da ma'ajin hatsi da motsa gaɓoɓi.

Ban da shirye-shiryen gwamnati, hanyoyin mota da kasuwa sun yi nasu aikin. Da shinkafa da garin alkama na wasu larduna suka fara isa ƙauyuka, aka samu kuɗin sayen nama da ƙwai, cutar ta ja baya har a wuraren da ba a taɓa raba ƙwaya ko ɗaya ba. Wannan ne ya sa da wuya a ware a ce kaso kaza na nasarar na seleniyam ne, kaso kaza na sauya hatsi, domin sabon abincin ya zo da seleniyam kuma ya zo babu fumfuna a lokaci guda. A yanzu hukumomin Sin na cewa sababbin kamuwa a tsakanin yara sun kusa ƙarewa. Waɗanda suka rage su ne dubun-dubatar manya da cutar ta nakasa tun suna yara. Su seleniyam ba ya mayar musu da gaɓar da ta lalace. Abin da ake musu shi ne maganin rage zafi, motsa jiki, wani lokaci tiyatar sauya gaɓa.

Finlan ta bi wata hanyar. Daga 1984 ta sa a riƙa zuba seleniyam a takin zamani a faɗin ƙasar, kuma cikin 'yan shekaru abin da mutane ke samu a abinci ya ninka fiye da sau biyu. Ana auna jinin jama'a da hatsi da madara a kai a kai, ana rage adadin ko ƙara shi gwargwadon abin da awon ya nuna.

Ciwon gwiwar manya da raunin ƙashi fa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar mai karatu. Ciwon gaɓoɓin da ke zuwa da shekaru, inda guringuntsin gwiwa ko ƙugu ke zaizayewa, ya yi kama da ƙarshen Kashin-Beck a hoton ƙashi, amma asalinsu daban ne. Nasa dalilan sanannu ne: tsufa, ƙiba, tsohon rauni, aikin ƙarfi na shekaru, da gado.

An yi binciken da ya nuna alaƙa. A gundumar Johnston ta jihar Karolina ta Arewa a Amurka, an auna seleniyam a farcen ƙafar ɗaruruwan mutane, aka ga masu ƙarancinsa sun fi samun zaizayewar gwiwa. A Turai ma an ga matan da suka daina al'ada masu isasshen seleniyam a jini sun ɗan fi ƙwarin ƙashi. Masu ciwon kumburin gaɓoɓi na garkuwar jiki kuma sau da yawa ana samun nasu ya yi ƙasa. Irin waɗannan sakamako ne masu talla ke ɗaukowa.

Amma ganin abu biyu tare bai nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Mai cin kifi da nama da ƙwai yana samun seleniyam, yana kuma samun furotin da sauran abubuwan gina ƙashi. Ciwo mai kumburi shi kansa yana saukar da seleniyam na jini, don haka ƙarancin na iya zama sakamakon cutar maimakon sanadinta. Hanyar rarrabewa ita ce gwaji, a ba wasu a hana wasu. An yi haka a Sheffield ta Ingila, aka wallafa a 2021: mata 120 da suka daina al'ada kuma ƙashinsu ya yi rauni, wasu aka ba su maikirogiram 200 a rana, wasu 50, wasu ƙwayar da babu komai a ciki, tsawon wata shida. Seleniyam na jininsu ya ƙaru, amma alamomin lafiyar ƙashi ba su sauya ba. Ƙananan gwaje-gwajen da aka yi a kan ciwon gaɓoɓi ma ba su nuna wani amfani tabbatacce ba. Abin da hujja ta tsaya a kai ke nan: gyara ƙaranci ga wanda ke da shi abu ne mai amfani, ƙari ga wanda ya wadata bai nuna fa'ida ga ƙashi ko gaɓa ba.

Idan ya yi yawa

Tazarar da ke tsakanin abin da jiki ke buƙata da abin da ke cutar da shi ba ta da faɗi. Amurka ta sa iyakar da kada baligi ya wuce a maikirogiram 400 a rana, hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai kuma ta sauko da nata zuwa 255 a 2023. Ƙwayoyin da ake sayarwa da yawa 200 ne a ƙwaya guda. Wanda ke shan biyu, ga kuma wani maganin ƙarin kuzari mai ɗauke da shi, ya tsallake iyaka bai sani ba. Gyaɗar Brazil da ake tallatawa ita ma ƙwaya ɗaya tak kan iya wuce buƙatar yini.

Ƙasar Sin ɗin da ta ga illar rashi ta ga illar yawa. A gundumar Enshi ta lardin Hubei, a farkon shekarun 1960, mutanen da ke noma a ƙasar da gawayin dutse mai seleniyam ya gurɓata sun riƙa samun kusan maikirogiram 5,000 a rana. Gashi ya zube, farce ya ruɓe ya fita, fata ta yi gyambo, wasu jijiyoyinsu suka taɓu. A 2008 a Amurka mutum 201 suka kamu da gubarsa daga wani maganin ƙarin gina jiki na ruwa, wanda aka tarar yana ɗauke da kusan ninki 200 na abin da aka rubuta a kwalbar. Alamun farko su ne numfashi mai warin tafarnuwa, ɗanɗanon ƙarfe a baki, gudawa, gajiya da karyewar farce. Wani babban gwaji a kan maza fiye da 35,000 da aka dakatar a 2008 ya nuna ƙwayar ba ta hana sankarar furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ba, wani gwajin kuma ya nuna ƙarin kamuwa da ciwon suga a cikin masu shanta na dogon lokaci.

Akwai darasi daga Afirka a nan. A arewacin Kwango, lokacin ana kiranta Zayar, inda ƙarancin aidin da na seleniyam suka haɗu, masana sun tarar cewa ba da seleniyam kafin a gyara aidin yana ƙara durƙusar da aikin tayirod ga waɗanda nasu ya riga ya raunana. Don haka ƙa'idar ita ce aidin tukuna.

Me wannan ke nufi gare mu?

Kashin-Beck ba cutar Afirka ta Yamma ba ce. Akwai wata cutar gaɓoɓi a yankin Mseleni na KwaZulu-Natal a Afirka ta Kudu da akan kwatanta da ita, amma ba a tabbatar seleniyam ne sanadinta ba. Ƙarancin sinadarin kansa kuwa akwai shi a nahiyar. A Malawi, inda masara ce abincin kullum kuma ƙasa mai tsami ta yi yawa, awon jini ya nuna fiye da rabin mata masu shekarun haihuwa suna da ƙaranci. Binciken hatsi a Malawi da Habasha da aka wallafa a 2021 ya nuna adadin yana bambanta sosai daga gunduma zuwa gunduma a cikin ƙasa ɗaya. Wannan na nufin ba a ɗaukar sakamakon wani wuri a yanke wa wani hukunci da shi, sai an auna ƙasa da hatsi da jinin mutanen wurin.

Ga uwar da ta ga ƙafar ɗanta na gwamewa ko lanƙwashewa waje, wuyan hannunsa ya yi kauri, abin da aka tabbatar a ƙasarmu daban ne. Binciken da Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos a kan yara 123, wanda aka wallafa a 1999, ya nuna ƙarancin kalsiyam a abinci ne ke kan gaba wajen wannan matsala, kuma yaran da aka ba kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. Yaro ko matashi mai yawan ciwon ƙashi, musamman ƙugu, sai a fara duba sikila. Gaɓar da ta kumbura farat ɗaya da zafi da zazzaɓi na iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga, kuma jinkirin kwanaki kan lalata ta. Duk watan da aka ɓata ana shan ƙwayar seleniyam a irin waɗannan yanayi, wata ne da aka hana mara lafiya maganin da ya dace da shi.

Waɗanda likita zai fi tunanin ƙarancin seleniyam a kansu sanannu ne: masu wankin ƙoda, masu ɗauke da cutar ƙanjamau, masu ciwon hanji da ke hana jiki tsotsar abinci, da yaran da tamowa ta kama. Su ma awo da shawarar likita ne ke tsayar da adadin da za a ba su. Ga sauran jama'a, busasshen kifi a miya, ƙwai, hanta ko nama gwargwadon hali, da cin hatsi iri-iri maimakon ɗaya, sun fi kwalbar ƙwayoyi arha da aminci. Gishiri mai aidin, wanda doka ta wajabta a Najeriya tun farkon shekarun 1990, yana rufe ɗaya ƙofar.

Batun rumbu ma ya shafe mu, ko da yake gubar ta bambanta. T-2 ta fi son yanayin sanyi. A namu yanayin zafi, fumfunar da ta fi kama masara da gyaɗa tana fitar da afulatoksin, wadda ke lalata hanta kuma ake dangantawa da tsumburewar yara. Maganin iri ɗaya ne da wanda aka koya wa manoman Tibet: a bar hatsi ya bushe ƙayau kafin a ɗaure buhu, a shanya a kan tabarma ko leda maimakon ƙasa tsirara, a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, a tsince ƙwayar da ta sauya launi a zubar, kada a niƙa ta cikin garin kunun yara.